Faifan Billie Holiday na 1958: gwaninta muke yabo ko tausayi ke ɗibarmu?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya gare ni, kuma don Allah kada a ce na yi wa manya rashin kunya. Makon jiya Baba Mai Rediyo ya ce duk wanda bai saurari faifan Lady in Satin na mawaƙiya Billie Holiday ba, da sauransa a sanin waƙoƙin bege na Amurka. Jiya da daddare bayan yara sun kwanta na nemo shi, na sa abin kunne na kishingiɗa. Da gogen Turawan nan suka fara sai da tsigar jikina ta tashi, kiɗa mai laushi kamar auduga. Tana buɗe baki kuwa sai na tashi zaune. Muryar a dushe take, tana karkarwa, wani wurin kamar za ta tsinke. Har na cire abin kunnen na hure shi na mayar, na zaci shi ne ya lalace. Na dai daure na kai ƙarshe. Abin da nake son sani shi ne, ana yabon faifan nan ne don ta yi waƙa da kyau, ko don an san ajalinta ya kusa lokacin da ta yi shi?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Anti, kin cire min ƙaya. Shekara uku ke nan ina son in faɗi haka a gidan nan ina jin nauyin Baba. Tausayi ne, ba wani abu ba. An ɗauki faifan a watan Fabrairu 1958, ta rasu ranar 17 ga Yuli 1959. Wata 17 ne tsakani. Duk mai saurare da wannan labarin a ransa yake saurare. A kawo wanda bai taɓa jin sunanta ba a kunna masa, mu ga ko zai kai waƙa ta uku.

Mai Piyano:
Yaya, ai ga Anti nan ba ta san labarin sosai ba, kuma ta kai ƙarshe.

Maman Ilham:
Daurewa na yi, ƙanena. Ban ce na ji daɗi ba.

Baba Mai Rediyo:
'Yata, babu rashin kunya a tambayarki. Ni ma ranar da na fara jin ta a wannan muryar ban so ba.

Ina saurayi muna kama Muryar Amurka a gajeren zango da dare, shirin jaz na Willis Conover, mutumin nan mai magana a hankali kamar yana ƙirga kalmominsa. A can na fara sanin Billie Holiday, amma ta shekarun 1930, wadda ta yi waƙa da makaɗin piyano Teddy Wilson tana 'yar shekara 20. Murya ce wasai, mai wasa, tana tsalle a kan kiɗa kamar 'yar akuya a kan dutse. Da wani abokin aikina ya ara min wannan faifan na 1958, na ɗora a garmaho, gefe ɗaya kawai na ji na mayar masa da abinsa washegari. Na ce masa wannan ba ita ba ce.

Na yi fiye da shekara 20 ban koma kansa ba. Sai bayan rasuwar uwargidana, Allah ya jiƙanta, wata rana ina share ɗaki na ci karo da kaset ɗinsa a cikin kwali. Na sa. Da ta zo kan I Get Along Without You Very Well sai na ajiye tsintsiyar na zauna a bakin gado. Waƙa ce ta mutumin da ke cewa ya saba da rashin masoyinsa, babu abin da ke damunsa, amma kowane baiti sai ya kawo wani lokaci da abin ke dawo masa. Matashiya mai lafiyayyar murya za ta rera wannan da daɗi. Amma ita a nan, kana jin cewa mai maganar ta san ba gaskiya take gaya wa kanta ba. A lokacin ban tuna da asibiti ko ranar mutuwarta ba, ɗana na Fagge. Kaina na tuna.

Malama 'Yar Damagaram:
Allah ya jiƙan Hajiya, Baba, ya sa ta huta.

Ɗan Fagge:
Amin ya Allah. Baba, ba na musun abin da ka ji. Amma ka ga kai ma sai da baƙin ciki ya same ka kafin faifan ya shige ka. Ke nan ba waƙar ba ce ta yi aikin, zuciyarka ce ta kawo nata kayan.

Mai Piyano:
Ku ba ni dama in shigo ta ɓangaren sana'a, don a nan nake ganin Yaya ya yi kuskure.

Abu biyu ne ake haɗawa. Akwai murya, wato maƙogwaro da numfashi da iya hawa sama. Akwai kuma sanin inda za ka ajiye kalma a cikin kiɗa. Na farko ya lalace, babu mai gardama. Dama tun tana yarinya muryarta ba mai faɗi ba ce, ba ta taɓa zama irin su Sarah Vaughan da ke hawa su sauka yadda suka ga dama ba. Na biyun kuwa bai je ko'ina ba, a faifan nan ma ya fi fitowa fili don babu abin da ya rufe shi.

Yawancin waɗannan waƙoƙin ginin gaɓa 32 gare su, kashi huɗu, kowane takwas. Ka rera kashin farko, ka maimaita shi da wasu kalmomi, ka hau gada wadda karinta daban ne, sannan ka dawo gida. Kowa ya san hanyar, shi ya sa mawaƙa ɗari za su rera waƙa ɗaya. Bambancin mawaƙi da ɗan'uwansa yana cikin yadda yake tafiya a kan hanyar. Anti, ki sake sa You've Changed, ki riƙa buga ƙafa a ƙasa tare da kiɗan. Za ki ga ba ta shigowa a inda ƙafarki ta sauka. Tana bari kiɗan ya wuce ta, har ki ce ta makara, sai ta tarar da shi daidai ƙarshen layi ba tare da ta yi gaggawa ba. Na gwada bin ta da piyano a ɗakina sau da yawa, in na bi ta sai in ɓace, in na bi masu goge sai in ga ashe ita ta san inda kowa yake. Mai maye ko marar lafiyar da ya rasa kansa ba ya iya wannan sau 12 a jere.

Ita da bakinta ta sha faɗa cewa daga Louis Armstrong da Bessie Smith ta koyi waƙa, kuma tana son ta riƙa rerawa kamar mai busa ƙaho. Mai busa ba ya bin rubutaccen kari sau da ƙafa, lanƙwasa shi yake yi.

Maman Ilham:
To ai ni wannan makarar ce ta dame ni. Na ɗauka numfashi ne ya gaza mata.

Mai Piyano:
Wani wurin numfashi ne, Anti, ba zan ɓoye ba. Amma ki saurari abin da ta yi a 1937 da Lester Young mai busa ƙahon saksafon, lokacin da numfashinta ke cike. Haka take makara. Ɗabi'arta ce tun asali.

Malama 'Yar Damagaram:
Ni damuwata ba a kan muryar take ba. A kan waɗanda suka tsaya a bayan gilashi suna ɗauka take. Mace ce da kowa ya san halin da take ciki, barasa da miyagun ƙwayoyi sun ci jikinta, hantarta ta kusa gamawa. Kamfani babba irin Columbia ya tara makaɗa wajen 40, ya kawo ta ya tsayar gaban makirfo dare uku. Ba su ji abin da Maman Ilham ta ji ba ne? Sun ji. Suka ga ko a haka za a saya. Kuma kar mu manta wannan kamfanin ne a 1939 ya ƙi ɗaukar mata Strange Fruit, waƙar da ke magana a kan baƙaƙen fata da ake ratayewa a bishiya a kudancin Amurka, sai ƙaramin kamfanin Commodore ne ya ɗauka. Lokacin da take da ƙarfi tana da abin faɗa sun ji tsoro. Da ta raunana tana waƙar soyayya sai suka buɗe mata ƙofa. Abin nan na ci min rai.

Ɗan Fagge:
Malama ta gama magana.

Baba Mai Rediyo:
Malama, maganar 1939 gaskiya ce, kuma abin kunya ne a kansu har gobe. Amma game da 1958 akwai abin da ya kamata a sa a ma'auni. Ba kamfani ne ya jawo ta ba, ita ta nema. Daga 1952 zuwa 1957 tana tare da mai shirya faifai Norman Granz, yana haɗa ta da ƙananan ƙungiyoyin jaz, mutum shida ko bakwai. Masana sun fi son wannan. Ita kuwa goge take so. Tun 1944 da za ta yi Lover Man a kamfanin Decca ta roƙa a sa mata goge aka sa. Ta ji wani faifan Ray Ellis, saurayi ne ɗan shekara 34 da ba a san shi sosai ba a lokacin, ta ce shi take so ya tsara mata kiɗa. Waƙoƙin ma da ita aka zaɓa, kuma duk cikinsu babu wadda ta taɓa ɗauka a faifai kafin nan. Wanda ake tatsa, tsofaffin waƙoƙinsa da suka yi suna ake sa shi ya maimaita. Ita sababbi ta ɗauko ta ɗora wa kanta wahalar koyo.

Ku tuna kuma abin da hukuma ta yi mata. Bayan ɗaurin da aka yi mata a 1947 saboda ƙwaya, an ƙwace katin da ke ba mawaƙi izinin yin wasa a duk gidan da ake sayar da barasa a New York. Ta fito daga kurkuku a 1948 ta cika babban zauren waƙa na Carnegie Hall maƙil, amma ƙaramin kulob na unguwa ya fi ƙarfinta har ta mutu. Matar da aka yi wa haka, in ta ce tana son a yi mata irin gatan da ake yi wa Frank Sinatra, makaɗa 40 da babban ɗaki, ni ba zan ce an cuce ta ba don an ba ta.

Malama 'Yar Damagaram:
Na ji, Baba, kuma ban san ita ta zaɓi mai tsara kiɗan ba. Wannan ya rage min wani abu. Bai cire duka ba. Mutum na iya neman abu da bakinsa, kuma masu ba shi su ci riba da rauninsa. Duka biyun na iya zama gaskiya a lokaci guda.

Mai Piyano:
Tunda Baba ya ambaci Sinatra, ga wani abu da zai taimaka wa Anti. Uku daga cikin waƙoƙin faifan nan, Glad to Be Unhappy da I'll Be Around da wadda Baba ya ambata, duk suna cikin faifan Sinatra na 1955, In the Wee Small Hours. Waƙar da ta buɗe faifan ma, I'm a Fool to Want You, da sunansa cikin marubutanta, ya fara rera ta a 1951. Shi kuma ya fito fili ya ce babu wanda ya yi tasiri a waƙarsa kamar Billie Holiday. To ki jera su, ki ji nasa ki ji nata. Nasa kamar mutum ne cikin kwat mai tsabta yana zaune shi kaɗai da dare yana tunani. Nata, kalmomin ba su canza ba, amma nauyinsu ya canza.

Glad to Be Unhappy ma asalinta waƙar wasan dandamali ce, Rodgers da Hart suka rubuta wa wasan On Your Toes na Broadway a 1936. A wasan, 'yar waƙa ce mai ɗan wayo da wasa da kalmomi. But Beautiful kuma daga fim ɗin barkwanci na Bing Crosby ta fito a 1947. Kayan nishaɗi ne aka yi don mutane su ci gyaɗa su tafa. Ita ta ɗauke su da gaske fiye da yadda masu su suka ɗauke su.

Ɗan Fagge:
Ƙanena, kai ma ka kawo min hujja ba ka sani ba. In waƙoƙin gado ake so daga bakin mace, ga Ella Fitzgerald nan. A 1956 ta yi waƙoƙin Cole Porter guda 32 a faifai biyu, ko gargada babu, kowace kalma tar kamar an wanke ta. Wannan shi ne aiki. Marubucin waƙa ya sha wahala ya tsara kari, haƙƙinsa ne a rera masa yadda ya rubuta. Ni in na sa Ella ina jin waƙar. In na sa wannan faifan Billie nake ji, waƙar ta ɓace.

Sannan kiɗan kansa. Ku gaya min gaskiya, matan nan da ke bayanta suna jan "uuu" da siririyar murya kamar a fim, me suka ƙara? An zuba sukari ne don a rufe ɗaci. Wata biyu da 'yan kwanaki kafin wannan ɗaukar, a Disamba 1957, ta fito a talabijin ɗin CBS ta yi Fine and Mellow tana zaune a kan kujera mai tsayi, masu busa sun kewaye ta. Lester Young ya miƙe ya busa ɗan gajeren abu, tana kallonsa tana gyaɗa kai. Muryar ɗaya ce da ta faifan, a dushe, amma a can ta zauna daram don tana cikin 'yan'uwanta. Ni ba Billie nake ƙi ba. Rigar da aka sa mata ce ba tata ba.

Mai Piyano:
A kan 'yan amshin nan na ba ka gaskiya, Yaya. Ni ma da za a cire su da na fi so. Amma gogen ina tare da su. Da an sa mata ƙaho mai kaushi irin muryarta, da sun haɗu sun zama abu ɗaya. Laushin gogen ne ke sa kana jin kowane tsagi na muryar, kamar yadda farin ƙyalle ke nuna zare baƙi. Kuma ba goge kaɗai ba ne a wurin. Mal Waldron mai yi mata piyano yana nan, Milt Hinton na kan babban gogen da ake tsinka da yatsa, J. J. Johnson da Urbie Green na busa. Ɗakin ma tsohon coci ne a titi na 30 a New York, inda mai busa Miles Davis ya ɗauki faifansa Kind of Blue bayan shekara ɗaya. Faɗin ɗakin na cikin abin da kake ji.

Baba Mai Rediyo:
Ɗana, Ella uwa ce a wannan fage, ina da faifanta kuma na fi sa su a kan na kowa. Amma ka ce waƙar ta ɓace, a nan muka rabu. Ni sai a bakin Billie na fara jin abin da wasu kalmomin ke nufi, bayan na ji su sau hamsin a bakin wasu.

Shi kansa Ray Ellis irin ra'ayinka ya fara ɗauka. Ya ba da labari daga baya cewa da aka gama ya saurari abin da aka ɗauka, ransa bai yi daɗi ba, don da kunnen mai tsara kiɗa ya saurara. Sai bayan makonni da ya ji an haɗa komai ya gane abin da ta yi. Ya kuma ce da aka sake kunna mata waƙar farkon nan a ɗakin, idanunta cike suke da hawaye. Ka ga mutumin da ya rubuta kowane layi na kiɗan ma sai da ya ji sau biyu.

Malama 'Yar Damagaram:
Baba, ka tuna min da kakata. Tana da wata waƙar niƙa da take yi tun muna yara. Ƙannen mahaifiyata duk sun iya ta, muryoyinsu sun fi tata zaƙi nesa ba kusa ba. Amma in ita ta ɗauko ta, da muryar nan tata da ta tsufa har tana shaƙewa, sai tsakar gida ta yi tsit, har mai wanke-wanke ta tsaya da kwano a hannu. Ban taɓa tambayar kaina dalili ba sai yau. Sai dai ita kakata a gidanta take yi, babu mai sayar da ita. Nan ne har yanzu zuciyata ba ta kwanta da faifan ba.

Ɗan Fagge:
Da tsohuwar zuma ake magani, na yarda. Amma Billie ba tsohuwa ba ce, Malama, shekararta 42 lokacin. Abin da ke ba ni haushi ke nan. Ba shekaru ne suka yi wa muryar haka ba. Kuma da ta kwanta a asibiti a 1959, har kan gadon 'yan sanda suka je suka kama ta, suka sa mai gadi a ƙofa. Ƙasar da ta yi mata haka ita ce daga baya ta sa faifan a jerin faifan girmamawa na Grammy, masu ba da lambar yabon waƙa, a 2000. In na ji ana cewa muryar ta yi kyau a haka, sai in ji kamar ana wanke waɗanda suka kai ta ga haka.

Baba Mai Rediyo:
Wannan magana ce mai nauyi, ɗana, kuma ba zan ture ta ba. Ni ban ce lalacewar ta yi kyau ba. Da ina da iko da na mayar mata da muryarta ta 1937 da lafiyarta, a bar faifan nan ma kada a yi shi. Abin da nake cewa, da abin da ya rage a hannunta ta yi aiki, kuma aikin na gwani ne. In muka ce tausayi ne kawai, mun ƙwace mata wannan ma.

Maman Ilham:
Na dawo. Na yi abin da Mai Piyano ya ce, na sa You've Changed sau uku ina buga ƙafa, har Ilham ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Gaskiya ne, ba ta ɓace ba ko sau ɗaya. A karo na uku na daina ƙirga ma. Akwai inda take maimaita kalmomin sunan waƙar wajen ƙarshe, ta ja ta farko ta saki ta biyu a hankali kamar mai ajiye ƙwai, a nan na ji wani abu ya tsaya min a wuya. Ban yi tunanin asibiti ba, tunanin wata ƙawata na yi da abin da ta taɓa gaya min game da aurenta.

Amma ba zan ce duka faifan ya shige ni ba. Violets for Your Furs har yanzu tsallake ta nake yi, kuma matan nan masu "uuu" ina tare da Ɗan Fagge a kansu. Wani abu kuma, nawa waƙa 11 na gani, Mai Piyano ya ce 12.

Mai Piyano:
Kin samu bugun sitiriyo ne, Anti. Na farko mai sauti ɗaya shi ke da 12, ta ƙarshen The End of a Love Affair, aka cire ta a ɗayan. Ki nemi wanda aka sake fitarwa a 1997, an dawo da ita, har da ɗaukar da aka yi tana fama da koyon waƙar a ɗakin, ana tsayawa ana sakewa. Yaya, kai ma ka ji wannan kafin mu ci gaba.

Ɗan Fagge:
Zan ji. Amma Anti ta fara kallon na talabijin ɗin nan na 1957 tukuna, ta dubi fuskarta lokacin da Lester Young ya miƙe.

Baba Mai Rediyo:
Shi ne ya raɗa mata suna Lady Day, 'yata. Ya rasu a watan Maris 1959, ita ta bi shi bayan wata huɗu. Ki kalla da rana, ba da daddare ke kaɗai ba.